Amm Badaru, Wanda Ya Samo wa Ɗan Kowa Tallafi Ban da Nasa

Idan Amm Badaru Othman ya dawo daga sallar asuba a masallacin layinsu da ke unguwar Kurayyat a Jidda, ɗakin ɗansa Musbahu yake fara shiga. Sai ya durƙusa a bakin katifa, ya zura hannu ɗaya ƙarƙashin wuyansa, ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinsa, ya ce, “Yalla ya shaikh, gari ya waye,” ya ɗauke shi cak zuwa banɗaki. Ya yi masa wanka, ya sauya masa kunzugu, ya shafa masa mai a wuraren da kwanciya take ci, ya tokare shi da filo yadda zai riƙa ganin ƙofa. Daga nan matarsa Mariyamu take karɓa, da kwanon kunu da cokali. Musbahu shekararsa ashirin da takwas bana. Ba ya tafiya, ba ya iya riƙe cokali, kuma a cikin kalmomin da suka rage a bakinsa “Abuya”, wato babana, ce kaɗai take fita sarai.

Sai bayan wannan Amm Badaru yake gutsurar gurasar tamis da ful, wato dafaffen wake, a tsaye, ya saɓa teburinsa mai naɗewa, ya rataya jakar takardu, ya ɗauki laima, ya fita tarar ƙaramar bas. Kafin ƙarfe bakwai ya riga ya kafa laimar a gefen titi, daura da ƙofar ofishin da iyalan yara masu naƙasa suke zuwa neman tallafin gwamnati. Su biyar ne a jere a wurin, shi ne na ƙarshe, kusa da inda ake tara shara, don wuraren inuwa na waɗanda suka fi shi gata ne. Aikinsu rubuta ma'arud, wato takardar da mutum yake kai kukansa da ita gaban hukuma. Mutum ya zauna ya faɗi damuwarsa yadda ta zo bakinsa, marubuci ya juya ta zuwa Larabcin ofis, ya jera takardun a koren fayil, ya nuna masa tagar da zai tsaya. Haka ya yi daga 1981 har ƙarshen bara, shekara talatin cif. Ranar da ya tashi, ba wanda ya fito daga ofishin ya ce masa sannu da aiki.

Ni sunana Zakiya. Malamar makaranta ce, ina zaune a Safa yanzu, amma a Khumra na tashi, a wani ɗakin haya bayan sito. Na san mutumin nan, da muke kira Amm, wato baffa da Larabci, tun ina da shekara goma sha tara, kuma abin da zan faɗa a kansa ko dai na gani da idona, ko na ji daga bakin wadda abin ya faru a gabanta.

Ga wanda bai sani ba, tallafin nan ba wata dukiya ba ce. Amma gidan da ke da yaron da ba ya tashi ya san me yake nufi: kunzugu, maganin farfaɗiya, kuɗin motar zuwa gashin ƙashi, keken da yaro yake fin ƙarfinsa duk bayan 'yan shekaru. Hanyar samunsa kuwa doguwa ce. Sai taƙrir, wato rahoton likita da ke bayyana lalurar, sai katin iyali, sai tambarin mai unguwa, sai hotuna, sai ma'arud. Kafin taƙrir ya fito hoto ya tsufa, kafin a sake hoto wa'adin taƙrir ya ƙare. Mutanenmu kuwa, jikokin alhazan da suka taso daga ƙasar Hausa, da yawansu ko suna da tabi'iyya, takardar zama ɗan ƙasa, tsoron ofis a jininsu yake. Su tsaya a bakin taga, a daka musu tsawa sau ɗaya, su koma gida ba za su sake dawowa ba. Sai labari ya bazu daga Kurayyat har Khumra cewa akwai mutum guda a ƙarshen layin masu laima, wanda in ka yi masa Hausa zai amsa maka da Hausa.

A 1993 muka je wurinsa, ni da mahaifiyata Indo. Shekara huɗu kenan da rasuwar mahaifinmu. Shi ɗan ƙasa ne, direban babbar mota a tashar jirgin ruwa, saboda haka mu 'ya'yansa muna da tabi'iyya. Inna kuwa umra ce ta kawo ta daga Gumel, ta yi aure, takardunta ba su taɓa daidaita ba, ko jiniyar mota ta ji sai ta shige ɗaki. Ƙanena Hamad jikinsa a sanƙare aka haife shi. Yana da shekara tara a lokacin, amma Inna goya shi take yi kamar jariri, ƙafafunsa suna reto har gwiwarta. Da wankau da sayar da yaji take riƙe mu. Katin iyalinmu yana hannun ƙanin mahaifinmu, Baffa Husaini, mai shagon taya, wanda ya ce shi zai adana mana. Abin da muke da shi kwafi ne da na taɓa kaiwa makaranta.

Inna ta zauna a kujerar ƙarfen da ke gaban teburinsa, Hamad a cinyarta, ta kasa magana. Amm Badaru bai hanzarta ta ba. Ya ajiye alƙalami, ya kama hannun Hamad da ke dunƙule, ya dinga murza yatsun ɗaya bayan ɗaya har suka saki. Inna ta zuba masa ido.

“A ina ka koyi wannan?” ta tambaye shi.

“A gida, Hajiya. Ina da irinsa.” Ya ɗauki alƙalaminsa. “To, faɗa mini. Kada ki tsaya gyara maganar, gyara aikina ne.”

Da ya gama rubutu ya ce Inna ta zauna nan da yaron, ba wanda zai taɓa ta a ƙarƙashin laimarsa. Ni kuma ya ce, “Ya binti, taga ta uku. Ki miƙa, ki yi shiru, kada ki ba da haƙurin laifin da ba ki yi ba.” Na je na miƙa. Ma'aikacin ya shiga ciki ya daɗe, ya dawo ya ce ai wannan yaron yana da fayil, shekara uku kenan ana biya, wakilinsa yana zuwa yana karɓa. Na fito na faɗa musu.

“Waye wakilin?” in ji Amm Badaru.

“Baffa Husaini.”

Inna ta ce, a hankali, kamar da kanta take magana, “Duk azumi yakan kawo mana ɗan buhun shinkafa. In durƙusa in yi masa godiya.”

Amm Badaru ya rufe fayil ɗin. Ya ce mu je gida, gobe bayan la'asar in raka shi shagon, don ni ce mai suna a takarda, sai ina wurin.

Shagon yana bakin babban titin Khumra, tayoyi jibge har rufi. Da Baffa ya gan ni da baƙo sai ya washe baki, ya ce a kawo shayi. Amm Badaru ya ce a bar shayin. Ya zaro takardu biyu daga jaka ya shimfiɗa su a kan wata taya.

“Ya akhi Husaini, takardu biyu na rubuta, ban kai ko ɗaya ba. Wannan ta ce ayyuka sun yi maka yawa, ka sauka daga wakilcin Hamad don kanka, ka miƙa wa yayarsa. Wannan kuma ta faɗi abin da ya faru tun daga farko. Wacce kake so in sa a fayil?”

Fuskar Baffa ta sauya. Ya bar Hausa ya koma Larabci, kamar yadda yake yi duk lokacin da yake son mutum ya tuna matsayinsa.

“Kai waye da za ka shigo maganar gidanmu? Na san ka. A iƙamarka, takardar zamanka ta baƙo, lebura aka rubuta, kana zaune a titi kana aikin alƙalami. Waya ɗaya zan buga a kwashe ka.”

“Gaskiya ka faɗa,” in ji Amm Badaru, da Hausa. “Lebura aka rubuta. Wayar kuma tana nan, ba inda za ta je. Amma yaron nan ɗan yayanka ne, kuma a bayan uwarsa yake zuwa asibiti. Fara sa hannu tukuna.”

Baffa ya dube ni, yana jiran in sunkuyar da kai yadda na saba. Ban san inda na samo ƙarfin ba, ban sunkuyar ba. Masu facin taya sun daina aiki suna kallo. Ya fizgi alƙalamin ya sa hannu a ta farko, ya shiga ciki ya wurgo mana katin iyalin a ƙasa. Amm Badaru ne ya sunkuya ya ɗauka, ya goge shi da hannun rigarsa, ya miƙo mini. “Halas, an gama,” ya ce. “Mu tafi.”

Bayan mako biyu na koma da sauran takardu, na tarar da wurinsa wayam. Na kusa da shi ya ce jami'ai sun zo sun tafi da shi, shi kaɗai a cikin su biyar. Kwana goma sha ɗaya ya yi a tsare, ana maganar mayar da shi ƙasarsu, ƙasar da bai taɓa takawa ba, kafin kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takarda, ya yi ta shige da fice ya fito da shi. Teburin da laimar ba su dawo ba, sai wasu ya saya. Ranar da ya koma bakin aiki na je ina kuka ina ba shi haƙuri. Ya ce, “Wa ya ce miki Baffanki ne? Ni ban gani ba, ke ma ba ki gani ba. Ina taƙrir ɗin? Wa'adinsa saura kwana tara, kina nan kina jiƙa mini takarda da hawaye.”

Wata takwas muka yi tsakanin kotu da ofis kafin wakilcin ya dawo sunana, kuma kowane mataki shi ya nuna mini. Hamad ya samu kekensa na farko. Inna ta daina goyo, ta rage wankau. Ya rayu har shekara ashirin, yana da magani a kan lokaci, yana kwana a busasshiyar shimfiɗa.

Amm Badaru, kai ne ka tsaya a shagon nan da iƙamar lebura a aljihu, a gaban mutumin da yake da duk takardun da kai ba ka da su, ka ƙwato wa maraya haƙƙinsa. A unguwarmu akwai maza masu tabi'iyya, masu sahun gaba a masallaci, da daga baya suka ce ai tuntuni sun san abin da Baffa yake yi. Shekara uku suna ganin Inna tana wucewa da goyo, ba wanda ya ce uffan.

Sai daga baya na san abin da yake nufi da “ina da irinsa.” Mahaifinsa Othman ya taso daga wajen Haɗeja a ƙafa, ya ratsa Sudan, ya yi shekaru a hanya kafin ya tsallako teku. Lokacin da maƙwabtansa suke zuwa ana rubuta su a matsayin 'yan ƙasa, shi ya ƙi zuwa, yana cewa baɗi zai koma gida, me zai yi da takardar wasu. Bai koma ba. A Jidda aka binne shi, a Jidda aka haifi Badaru, a nan ya yi karatu a masallaci har hannunsa ya faɗa da rubutu, a nan ya yi aure. Abokan wasansa na layi ɗaya suka tashi 'yan ƙasa, shi ya tashi baƙo, yana sabunta izinin zama a garin da aka yanke masa cibiya.

Musbahu lafiyarsa ƙalau aka haife shi, yana gudu yana surutu. Yana shekara uku sanƙarau ya kama shi, a 1987, ya bar shi yadda yake a yau. A lokacin Amm Badaru ya yi shekara shida a ƙofar ofishin, ya san ƙa'idar sarai: tallafin na 'ya'yan 'yan ƙasa ne. Duk da haka ya zauna ya rubuta wa ɗansa ma'arud. Mariyamu ta ce kwana uku ya yi yana rubutawa yana yagawa. Ya haɗa koren fayil kamar na kowa, ya bi layi kamar kowa. Ma'aikacin tagar ya san shi, kullum yana ganin rubutunsa. Ya karanta har ƙarshe, ya rufe, ya turo masa. “Wallahi ya Badaru, ban taɓa karanta mai kyau kamar wannan ba. Amma ka fi ni sanin ba ni da inda zan sa shi.” Ya karɓi fayil ɗinsa ya fito, ya tarar da mutum huɗu suna jiransa a ƙarƙashin laima. Ya zauna ya rubuta musu. Uku daga cikinsu sun samu.

Akwai abin da ban so in rubuta ba, sai da Mariyamu ta ce in rubuta, tunda ita ta ba ni labarin. Wajen 1996, maƙwabcinsu Abdulghani, ɗan ƙasa, mutumin kirki, ya shigo gidansu bayan sallar Juma'a. Yana da ɗa sa'an Musbahu da ya rasu a ƙauyen su matarsa, kuma bai taɓa zuwa an cire sunan daga katin iyali ba, zuciyarsa ba ta ba shi ba. Ya ce a kai Musbahu gaban likita da sunan marigayin. Ba ya son ko riyal ɗaya a ciki. “Yaron ba ya magana, wa zai tona? Ku karɓa ku yi masa hidima, ni ladan nake so.”

A lokacin tsofaffin zannuwa Mariyamu take yagawa tana yin kunzugu, tana wankewa da hannu, har fatar yatsunta ta tsattsage. Maganin farfaɗiyar Musbahu kuwa rabi-rabi suke ba shi don ya kai ƙarshen wata.

Amm Badaru ya yi wa Abdulghani godiya, ya raka shi ƙofa, ya dawo ya ce ba zai yi ba.

“Saboda me, Abu Musbahu?” in ji Mariyamu.

“Saboda ni zan rubuta. Ba wanda bai san hannuna ba a ofishin nan. Ran da abin ya tonu ba fayil ɗaya za su buɗe ba, duk wanda na taɓa rubutawa za su zaro. 'Ya'yan mutane, Mariyamu. Kin san irin kallon da ake mana tun ba mu yi komai ba.”

“To ka ba wani ya rubuta.”

“In kai ɗana a kira shi da sunan mamaci, ya waiwayo yana nemana, in ce ni maƙwabci ne?”

Mariyamu ta ɗaga masa hannayenta biyu. “Dubi nan. 'Ya'yan mutane suna da kai. Nawa wa yake da shi? Kai ka fita da safe ana yi maka addu'a, ni in wuni a nan cikin zarni. Gaskiyar taka a jikina take fita.”

Ta faɗa mini kusan shekara ta yi ba ta yi masa magana sai ta dole. Shi kuma tun daga ranar ya karɓe wankin kunzugun, yana yi idan ya dawo da la'asar. Na tambaye ta ko ta yafe masa. Ta ce, “Na daina fushi. Amma kada ki rubuta cewa na yarda ya yi daidai.” Ga shi ban rubuta ba. Ni ma ban san amsar ba, kuma ba ni da bakin yanke hukunci a kan hannayen da na gani. Abin da na sani kawai shi ne fayil ɗin Hamad yana cikin waɗanda ya tsare a ranar.

Rabin masu zama a kujerarsa sun fi shi ma rashin gata: waɗanda suka zo hajji ko umra suka zarce, matan da suka haihu a ɗakunan haya, yaransu ko takardar haihuwa ba su da ita. Wasu marubutan sukan karɓi kuɗinsu su rubuta musu, alhali sun san fayil ɗin ba zai wuce taga ba. Shi ba ya yi. Yakan ce, “Hajiya, a nan ba ki da komai, kada ki sake ɓata kuɗin motarki.” Sannan ya ɗauki sabuwar takarda ya rubuta wasiƙa zuwa ga wani attajiri ko wata ƙungiyar agaji, ya faɗa mata ƙofar da za ta buga da ranar da mai gidan yake zama. Wani lokacin a dace, sau da yawa ba a dacewa. Kekunan da yara suka fi ƙarfinsu yakan roƙa a gidajen da suka samu sababbi, ya kai wa mai walda, ya tura su inda ake goyo. Na Hamad na farko ma haka ya tafi. Irin waɗannan mata bai taɓa karɓar ladan rubutu a hannunsu ba.

Bara aka sanar da su cewa an daina karɓar ma'arud na hannu, komai ya koma kwamfuta, masu laima su tashi daga gefen titi. Dama idanunsa sun fara hazo, bayansa kuma ya riƙe. Wata Laraba ya naɗe teburinsa ya hau bas. Ba fansho, don a takarda bai taɓa yin wannan aikin ba. Har yau lebura ne, Musbahu kuma har yau ba shi da fayil a ko'ina.

Da na ji labari, na dinga buga waya ina neman mu taru mu yi masa ko da walimar shayi ce. Na kira gidajen da na san da hannunsa suka samu. Wannan ya ce yana da uzuri, waccan ta ce wane Badaru. Wani ma cewa ya yi, “Ai biyansa muka yi.” Mutum bakwai suka zo, biyar daga ciki matan da ofishin bai taɓa ba su komai ba. Ba na cire kaina daga laifin. Tun da ya zo jana'izar Hamad a 2004 ban sake taka gidansa ba. Na samu aiki, na koma Safa, Kurayyat ta yi mini nisa, alhali tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba.

Makon jiya na kai masa abin da na rubuta zuwa nan, na karanta masa a tsakar ɗaki. Ya saurara ido rufe. Da na gama ya ce, “Hausarki ta fi yadda na zata. Amma ya binti, wannan da ma'arud ne da an dawo miki da shi.”

“Me ya rasa, Amm?”

“Buƙata. Kin cika shafi da labari, ba ki ce me kike so a yi ba. Mai karantawa zai ce masha Allah, ya ajiye.”

Na ce to ya faɗa mini abin da yake so in roƙa masa. Na zaci zai ambaci kansa ko gidansa. Sai ya laluba aljihu ya zaro 'yar takarda mai lambar waya.

“Wata baiwar Allah ce a Khumra, Sharifa. 'Yan biyunta kurame ne, ubansu ɗan ƙasa ne, ya tafi ya bar su. Na fara mata sai aka tashe mu. Ta je wurin masu kwamfuta sau biyu, sun cika mata ba daidai ba. Ke kin iya abin nan. Ki je ki zauna da ita.”

Na je. Aikin bai ɗauke ni awa biyu ba. Awa biyu, ita kuma wata bakwai tana yawo da yara biyu a rana.

To ga buƙatar, tunda ya ce sai da ita. Ku 'ya'yanmu da kuka yi karatu, masu tabi'iyya da masu iƙama, ba wanda a cikinku bai san gida ɗaya a layinsu da ake ɓoye yaro a ɗakin baya ba. Ku buga ƙofar. Ku tambayi uwar ko an taɓa cika mata takarda, in an cika ku tambayi wa yake karɓa. In ba ta da haƙƙi a ofis ku faɗa mata gaskiya, amma kada ku faɗa ku juya baya. Ku kuma da hannunsa ya sa 'ya'yanku a keke, gidan yana nan inda yake, kun san hanya, kun san ta lokacin da kuke da buƙata.

Amm Badaru na Mariyamu, Abu Musbahu, alƙalamin waɗanda bakinsu yake mutuwa a gaban taga, mun gode. Kai ne ka buɗe wa 'ya'yan wasu ƙofar da ka san ba za a buɗe wa naka ba, kuma ba ka taɓa sa mu ji nauyin hakan ba. Garin da aka haife ka bai rubuta sunanka ba, mu da ka rubuta namu muka manta da kai. Ba zan roƙe ka ka yafe mana ba, don na san za ka yafe tun ban rufe baki ba, mu samu sauƙin da ba mu cancanta ba. Allah Ya saka maka, Shi da ba Ya tambayar kowa iƙama.